Sarƙar Ɗaga Kaya: Yadda Take Ɗaukar Nauyi da Abin da Ke Tsinka Ta

Sarƙar ɗaga kaya ita ce guntun sarƙar da ke shiga tsakanin ƙugiyar injin ɗagawa da kayan da za a ɗaga. A samanta akwai babban zobe wanda ake ratayawa a ƙugiyar kiren ko ta cenbulok. Daga wannan zobe rassa suke saukowa, ɗaya ko biyu ko uku ko huɗu, kowane reshe da tasa ƙaramar ƙugiyar a baki. Komai girman kiren, komai ƙarfin janwe, nauyin kaya ta cikin waɗannan zobba yake bi kafin ya isa ga injin. Idan sarƙa ta tsinke, ƙarfin injin bai yi ranar komai ba.

A Zariya, da wuya a sami wurin da ake ganin wannan aiki kamar Kwangila. A nan ne babbar hanyar Kaduna zuwa Kano ta ratsa ta kan gada, hanyar Samaru da Shika da Funtuwa kuma ta bi ta ƙarƙashi, ta nufi Gusau da Sakkwato. Dare da rana tireloli da tankoki da tifofi ba sa yankewa, kuma inda manyan motoci suka yawaita, kanikawa da masu walda da masu janwe ba sa nisa. Ana cire injin tirela a rataye shi, ana sauke janareta da taransifoma daga bayan mota, ana tayar da gingimarin da ta kwanta a gefen kwalta. Aikin sake gina hanyar Abuja zuwa Kano, wanda aka fara a 2018, shi ma ya sa mutanen yankin sun saba ganin kiren na lilo da ƙarafa da kankare a sama. A duk waɗannan ayyuka sarƙa ce ke riƙe da kayan, amma ita ce abin da aka fi rainawa. Akan duba man injin, a duba taya, ita kuwa sarƙa sai a jawo ta daga ƙarƙashin kujera a maƙala.

Kowane zobe na sarƙa yana da gefe biyu miƙaƙƙu da lanƙwasa biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Idan nauyi ya hau, miƙaƙƙun gefunan su ne ke jan juna da nauyin, rabi nan rabi can. Lanƙwasar kuwa wahalarta biyu ce: nauyi yana neman miƙar da ita, sannan nan ne zobe ke gogar ɗan'uwansa, don haka nan ƙarfe yake fara cinyewa. An ƙera zoben ne domin a ja shi ta tsawonsa kawai. Da zarar an ja shi ta gefe, ko an danne shi a kan kaifi, ko an murɗe shi, ya shiga aikin da ba a yi shi dominsa ba.

Zobban ba raba nauyi suke yi a tsakaninsu ba. Idan aka rataya tan 3 a sarƙa mai zobe hamsin, kowane zobe tan 3 ɗin yake ji cif, daga na sama har na ƙasa. Saboda haka tsawo ba ya ƙara wa sarƙa ƙarfi, kuma zobe ɗaya da ya lalace ya isa ya mayar da sarƙar duka ta koma daidai da ƙarfinsa.

Mutane da yawa da ido suke auna sarƙa, su ce wannan mai kauri ce, za ta ɗauka. Kauri yana da nasa muhimmanci, amma irin ƙarfen ya fi shi. Masana'antu sun kasa sarƙa aji-aji, kuma lambar ajin tana nuna jan da ƙarfen zai jure kafin ya tsinke. Ajin 30 ita ce sarƙar yau da kullum, ta kulle ƙofa da ɗaure babur. Ajin 70 ita ce ta ɗaure kaya a bayan tirela, sau da yawa launinta ruwan gwal ne. Ta ɗagawa sama daga aji 80 take farawa, sai aji 100 da ya fi shi ƙarfi da kusan kashi 25 cikin 100. Sarƙar aji 80 mai kaurin milimita 8 an yarda ta ɗaga tan 2 da reshe ɗaya a tsaye. Mai milimita 10 tan 3.15, mai milimita 13 tan 5.3, mai milimita 16 tan 8, mai milimita 20 kuma tan 12.5. Mai milimita 10 ta aji 100 tana ɗaga tan 4. Sarƙa mai arha da ke da kauri iri ɗaya da waɗannan ba ta kai ko kusa da su ba, alhali a ido ba a rarrabe su, musamman idan baƙin mai da ƙura sun rufe su. Abin da ke rarrabe su shi ne tambarin da aka buga a jikin zobba, 8 ko 80 ko harafin T, wanda ke maimaituwa a duk zobe ashirin ko a duk mita ɗaya, da kuma ɗan farantin ƙarfe da ke rataye kusa da babban zobe, ɗauke da iyakar nauyin da aka yarda da shi.

Ƙarfin sarƙar aji 80 daga wuta yake fitowa. Bayan an lanƙwasa zobba an haɗe bakinsu da waldar lantarki, sai a gasa sarƙar, a tsoma ta ta huce farat ɗaya, a sake ɗumama ta a zafin da aka auna. Maƙeran gargajiya sun san tushen wannan sana'a, domin ban ruwan da suke yi wa wuƙa da gatari ke nan. Bambancin kawai shi ne a masana'anta da ma'auni ake yi, kuma ƙarfen gauraye yake da wasu sinadarai irin su nikel da kuromiyam. Abin da ake samu shi ne ƙarfe mai ƙarfi wanda kuma ba ya karyewa kamar busasshen kara. Ƙa'idar Turai ta ce dole sarƙar aji 80 ta iya miƙewa da aƙalla kashi 20 cikin 100 na tsawonta kafin ta tsinke. Wannan miƙewa ita ce gargaɗin da sarƙa ke bayarwa. Sarƙar ɗaure kaya ba a ƙera ta da wannan sharaɗi ba, shi ya sa ƙa'idojin aiki suka hana ɗaga kaya sama da ita, ko da tana da ƙarfi. A garejoji dai akan ari sarƙar ɗaure rodi a rataye injin da ita, kuma sau da yawa a wanye lafiya, wanda shi ne ke sa al'adar ta ƙi mutuwa.

Iyakar nauyin da ke kan faranti ba ita ce inda sarƙa ke tsinkewa ba. Kashi ɗaya cikin huɗu ne na wurin tsinkewar. Sarƙar nan mai milimita 10 sai ja ya haura tan 12 take rabuwa, amma tan 3.15 aka rubuta mata. Kafin ta bar masana'anta ma an gwada ta da ninki biyu da rabi na iyakar tata. Jin haka yakan sa wasu su ɗauka akwai rarar da za su ci. Rarar nan an riga an kasafta ta: ta fizga ce, da cinyewar ƙarfe, da kuskuren ƙiyasin nauyi, da gajiyar da ƙarfe ke yi bayan an ɗora an sauke sau dubbai. Wanda ya cinye ta da gangan tun a ƙasa, ba shi da abin da zai tare shi idan wani abu ya auku a sama.

Babban abin da ke ruɗin mutane shi ne buɗewar rassa. Nauyin kaya daban, nauyin da sarƙa ke ji daban, kuma kusurwa ce ke shiga tsakani. Duk wanda ya taɓa ɗaukar bokitin ruwa tare da wani ya san wannan a jikinsa: idan su biyun suna kafaɗa da kafaɗa, hannuwa a tsaye, bokiti ba ya da wahala, amma da sun ja da baya daga juna hannuwa suka buɗe, sai kafaɗa ta fara ciwo, ruwan kuwa bai ƙaru ko da cokali ba. Dalili shi ne reshen da ya karkata aiki biyu yake yi. Wani ɓangare na ƙarfinsa yana ɗaga kaya sama, wani ɓangaren yana tafiya wajen jayayya da ɗaya reshen. Iya karkatarsa, iya ƙarfin da ke salwanta a wannan jayayya, kuma dole jan da ke cikin sarƙar ya ƙaru kafin a sami abin da zai riƙe kayan.

A ɗauki janareta mai tan 2 da aka rataya da rassa biyu. Idan rassan a tsaye suke, kowanne tan 1 yake ɗauka. Idan kowanne ya karkata da digiri 30 daga tsaye, jan ya zama kusan tan 1.15, ƙarin da bai taka kara ya karya ba. A digiri 45 ya kai tan 1.4. A digiri 60 kowane reshe tan 2 yake ji, wato nauyin janaretan gaba ɗaya, kamar babu reshe na biyu. Daga nan abin gudu yake yi: a digiri 75 jan ya kusa tan 4 a kowane reshe, a digiri 80 ya haura tan 5 da rabi. Janareta na nan a tan 2 ɗinsa, amma sarƙa mai milimita 8 da ta ishe shi da farko yanzu tana ɗauke da kusan ninki uku na iyakarta. Wannan lissafi ne da ɗaliban injiniya ke koya tun a shekarunsu na farko a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, tafiya kaɗan daga Kwangila, sai dai bai cika isa hannun masu riƙe sarƙar ba.

Shi ya sa farantin sarƙa mai rassa biyu ke ɗauke da lamba biyu. Daga tsaye zuwa digiri 45, ana ninka ƙarfin reshe ɗaya sau 1.4. Daga 45 zuwa 60, ƙarfin reshe ɗaya tak ake lissafawa. Abin da ya wuce 60 haramun ne a wannan aiki. Ba a bukatar ma'aunin kusurwa kafin a gane haka. Idan tazarar da ke tsakanin wuraren maƙalawa biyu daidai take da tsawon reshe ɗaya, karkatar digiri 30 ce, an zauna lafiya. Idan kuwa tsayin da ke tsakanin babban zobe da saman kaya ya ragu zuwa rabin tsawon reshe, an kai digiri 60, an zo iyaka. Maganin kullum ɗaya ne, a nemo sarƙa mai tsawo, ko a sa sandar ƙarfe mai raba rassa domin su sauko a tsaye. Matsalar takan taso ne inda rumfa ta yi ƙasa ko ƙarafan da aka kafa don rataya cenbulok suka gajarta, sai a taƙaita sarƙa domin kaya su sami wurin tashi, rassa su baje.

Jayayyar nan ba sarƙa kaɗai take wahalarwa ba. Tana matse kayan daga gefe zuwa tsakiya. Tankin ruwa ko akwatin ƙarfe marar kauri yakan lotse, kunnen da aka maƙala ƙugiya a jikinsa yakan lanƙwashe ko ya ɓalle.

Duk wannan lissafi ya ginu ne a kan cewa nauyin kaya a tsakiya yake. Injin tirela, wanda yakan kai tan 1 ko ya ɗara, ba haka yake ba, balle idan an ciro shi tare da giyabos. Cibiyar nauyi kullum tana neman zama daidai ƙarƙashin ƙugiyar sama. Idan ba a can aka sa ƙugiyar ba, da kaya sun bar ƙasa sai su juya su nemi wurin da kansu, kuma reshen da ya fi kusa da cibiyar, wanda ya fi tsayuwa, shi ke kwasar kaso mafi yawa. Idan bambancin ya yi yawa, ƙa'ida ita ce a lissafa kamar reshe ɗaya ne zai ɗauki komai. Haka batun rassa huɗu yake. Tebur mai ƙafa huɗu ma a kan ƙasa marar daidaito da uku yake tsayawa, don haka ba a ƙidaya reshe na huɗu: sarƙa mai rassa huɗu da mai uku lambarsu ɗaya, ninki 2.1 zuwa digiri 45, ninki 1.5 zuwa digiri 60. A kan kaya masu tauri da ba sa lanƙwasa, irin su taransifoma, idan tsawon rassan bai zo daidai ba, biyu masu kallon juna ta kusurwa ne ke ɗauka, sauran biyun rakiya kawai suke yi.

Yadda aka naɗa sarƙa shi ma yana canja lissafi. Idan aka zagaye kaya aka dawo da ƙugiya aka maƙale ta a jikin sarƙar kamar zarge, kashi 20 cikin 100 na ƙarfinta ya tafi, saboda a wurin shaƙewar zobba a karkace suke. Dukan zargen da guduma don ya ƙara kamawa ɓarna ce a kan ɓarna. Idan kuwa aka bi da sarƙa ta ƙarƙashin kaya aka ɗaga bakinta biyu zuwa sama, ƙarfin yana ƙaruwa, amma kaya na iya sulɓewa idan ba su daidaita ba. Kaifin kusurwa ya fi duka haɗari. Zoben da ya hau kan gefen ƙarfen gini yana lanƙwashewa ne a inda ba a shirya masa ba. Guntun katako ko yankin tsohuwar taya a tsakanin sarƙa da kaifi ya wadatar, kuma babu garejin da ya rasa su. Ita ma ƙugiya a cikin cikinta ake zaunar da nauyi. Idan aka maƙala da tsininta kawai, bakin buɗewa yake yi.

Sai fizga. Kayan da aka ɗaga a hankali nauyinsu kawai sarƙa ke ji. Kayan da aka fizga, ko aka sako su da gudu aka taka birki, na iya ninka jan sau biyu ko fiye cikin ƙiftawar ido. Aikin janwe ya fi kowane fuskantar wannan. Motar da ta kafe a laka da damina ba nauyinta kaɗai ake ja ba, har da riƙon da lakar ta yi mata, kuma direban da ya saki sarƙa ta yi sako-sako sannan ya taka wuta da ƙarfi yana gwada sarƙar ne da abin da babu wanda ya auna. Tankar da ta kwanta da mai a cikinta ta fi wuya, domin da ta fara miƙewa man zai kwarara gefe guda, cibiyar nauyi ta gudu daga inda aka lissafa ta. Lita 33,000 na fetur ya kai tan 24, ban da nauyin motar kanta. Dalili ke nan da ya sa ake kwashe kaya kafin a tayar da mota. Sarƙar da ta tsinke a ƙarƙashin ja kuwa ba faɗuwa take yi a wurin ba, dawowa take yi da ƙarfi ta bi layin da aka ja ta, kuma 'yan kallo galibi a wannan layin suke taruwa.

Sanin nauyin kaya tun farko shi ne rabin aikin, kuma ba abu ne mai wuya ba. Taransifoma da janareta suna da farantin da aka rubuta nauyinsu. Kwantena mai ƙafa 20 idan babu komai a ciki ta ɗan haura tan 2, cikakkiya kuwa tana iya kaiwa tan 30, kuma daga waje ba a gane wacce ce wacce. Ƙarfe mai faɗin mita ɗaya ta kowane gefe tan 7.85 ne, kankare mai wannan girma kusan tan 2.4, ruwa tan 1. Buhun siminti kilo 50 ne, don haka tirela mai buhu 600 tan 30 take ɗauke da shi. Ƙwararrun masu aikin sukan ɗaga kaya taƙi ɗaya daga ƙasa su tsaya, su ga yadda suka zauna da yadda rassa suka ɗau nauyi, kafin su ci gaba.

Gyaran sarƙa shi ne inda ƙwarewar gareji ke zama illa. Sarƙa ta tsinke, sai a haɗa bakin biyu da ƙusa mai noti, ko a kai wa mai walda ya ɗinke zoben, ko a ƙulla ta kamar igiya don a rage tsawo. Ƙusar ba ajin sarƙar ba ce, kuma a gicciye nauyi ke hawanta. Ƙulli yana sa zobba su danne juna ta gefe. Walda kuwa tana warware ban ruwan da masana'anta ta yi, ta bar wuri mai laushi ko mai gautsi a zoben da maƙwabtansa, duk kyan ɗinkin a ido. Tsoffin sarƙoƙin baƙin ƙarfe na zamanin da akan gasa su lokaci-lokaci don su yi laushi, amma yin haka ga sarƙar aji 80 kashe ta ne. Zafin da ya kai digiri 200 a ma'aunin Salshiyas ba ya rage mata komai. Daga 200 zuwa 300 ana rage kashi 10 cikin 100 na iyakarta, daga 300 zuwa 400 a rage kashi 25, abin da ya haura 400 kuma an daina aiki da ita. Sarƙar da ta kwana a cikin gobarar tanka ta gama yayi. Ruwan batir ma abokin gabarta ne, domin asid yana sa irin wannan ƙarfe ya yi gautsi daga ciki ba tare da wata alama a waje ba. Akwai mahaɗin sarƙa na musamman mai aji ɗaya da ita, akwai kuma ƙugiyar taƙaita tsawo, kuma da su ake yin waɗannan ayyuka.

Duba sarƙa ba ya bukatar na'ura mai tsada. A wanke ta, a shimfiɗa a wuri mai haske, a bi zobe ɗaya bayan ɗaya, ana juya kowanne don a ga cikin lanƙwasa inda gogayya take. Zoben da kaurinsa ya ragu da kashi 10 cikin 100 ya fita daga aiki. Haka wanda ya miƙe da kashi 5 cikin 100, da ƙugiyar da bakinta ya buɗe da kashi 10. Alamar miƙewa a bayyane take: zobba sukan tsuke su kama juna, sarƙa ta daina karkaɗawa sakayau, ko kuma a rataya mai rassa biyu a ga ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Tsaga, da sara mai zurfi, da ramukan tsatsa, da launin shuɗi na ƙuna, kowanne shi kaɗai ya isa dalili. Sarƙar da aka yanke wa hukunci a sare ta gunduwa-gunduwa kafin a kai wa masu gwangwan, in ba haka ba za ta sake ɓullowa a kasuwa a hannun wani.

Doka ma ta yi magana. Dokar masana'antu ta Najeriya ta 1987 ta wajabta a riƙa yi wa sarƙoƙi da igiyoyi da sauran kayan ɗagawa cikakken bincike aƙalla sau ɗaya a duk wata shida, kuma wa'adin da dokar Ingila ta 1998 ta sa ke nan. Manyan kamfanonin gine-gine da na mai suna da rajistar da ake rubuta wannan bincike. A ƙananan garejoji da wurin masu janwe na kan hanya, binciken ya rage ga idon maigidan wurin da yaransa.

Duk da wannan jerin sharuɗɗa, sarƙa ce ta fi dacewa da aiki irin na Kwangila. Igiyar waya ta fi ta sauƙin nauyi, amma tana karyewa idan aka lanƙwasa ta da yawa, kuma tana ruɓewa daga ciki inda ido ba ya gani. Ɗamarar zare ba ta ƙwarzane fenti, amma kaifi yana yanka ta, zafi da rana suna cinye ta. Sarƙa tana jure ƙura da baƙin mai da ja a ƙasa, ana iya rage tsawonta, kuma yawancin lahaninta a fili yake ga wanda ya tsaya ya duba. Sharaɗinta shi ne a san ajinta. Sarƙar da ba ta da tambari a zobe, ba ta da faranti a wuya, babu wanda ya san iyakarta, don haka ta ɗaure kaya ce a ƙasa, ba ta ɗagawa ba.